Yadda Muka Kai Kwamfutar Saude Maraɗi

Har yau in aka haɗu wajen suna ko ta'aziyya, ba a rasa wadda za ta matso ta ce, "Inna Delu, wai da gaske ne kin taɓa kai kwamfuta asibiti har Maraɗi, ƙasar Faranshi?" Wasu sun ce a goye na kai ta. Wasu sun ce an tsare ni a kan iyaka. To, na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba su je ba. Ga yadda aka yi.

An yi tafiyar ne 'yan shekaru bayan wayar hannu ta shigo Kafur, lokacin da sai an hau tudu ake samun magana, kuma tun kafin hanyar Jibiya ta zama abin tsoro. Malam, maigidana, bai daɗe da rasuwa ba. Amma tushen abin ya fi nan nisa. Bayan motoci sun koma hannun dama, aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira, sai ga babban farin nan da ya koro mutanen arewa. A cikinsu akwai wata Rabi daga wajen Maraɗi, ita da mijinta, ga tsohon ciki. Malam ya ba su ɗaki. A hannuna ta haihu, ni na yi wa yaron wankan farko, aka sa masa Isuhu. Sai da ya fara tafiya suka koma gida.

Isuhun nan ne ya girma ya zama mai aikin kwamfuta. Da ya zo mana ta'aziyyar Malam, ya tarar autata Saude tana koya wa matan aure karatu a wani ƙauye tsakanin Kafur da Tsiga, da alli da guntun allo. Sai ya bar mata kwamfutarsa ta hannu, ya zuba mata abin da ke nuna baƙi ƙato a fuskarta, ya kuma faɗe shi da Hausa. Ƙauyen ba wutar lantarki. A gida Saude ke cika batir in an kawo wuta, bayan azahar ta hau babur. Aji ya cika, har matan Maguzawa na unguwannin kewaye suna zuwa da 'ya'ya a goye.

Ana haka batir ya fara gajiya, karatu bai kai rabi ba sai ya mutu. Mijin Saude, suruki ne ba zan kama sunansa ba, mutumin kirki ne kuma tsohon mai rediyo. Duk wanda ya yi zamani da rediyon batir ya san in batir ya yi sanyi, shanya shi ake yi ya sha rana, sai ya ba ka labarun yamma. Ni ma na yi wa Malam haka ba adadi. Sai bawan Allah ya zare batirin kwamfutar yana son ya taimaka, ya ɗora shi a kan rufin kwano, ranar bazara, tun hantsi har la'asar. Da aka sauko da shi ya bankare, ko raminsa ya ƙi komawa.

Na raka Saude Funtuwa wajen Emeka, ɗan wani Ibo mai kayan lantarki. A nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Ya sayar mana da sabon batir, ya zauna daram. Muddin waya tana jikin bango, na'ura na aiki lafiya. Da an zare, sai ɗan hoton batirin da ke gefe ya nuna wayam, ta yi wani ɗan rubutu, ta kashe kanta.

Emeka ya ce, "Malama, batirin nan sabo ne, wallahi. Abin da ke cikin na'urar ne ban san shi ba, ba irin wanda muke sa wa kowa ba ne. Bari in goge in zuba miki na kamfani."

Saude ta ce, "In ka goge, baƙaƙen fa?"

"Za su tafi."

"To, miƙo min abata."

Ga kuma wata Hajiya daga Malumfashi da ke zagaya azuzuwan nan tana dubawa. Ta zo ta tarar matan sun ragu, don tun da na'ura ta daina magana wasu suka koma surfensu. Ta ce za ta dawo Alhamis ta sama, in ta tarar da abin haka, za a haɗe ajin da na cikin gari. Wanda ya san ƙauye ya san an rufe ke nan, don ba mijin da zai bar matarsa ta hau babur zuwa gari saboda karatu.

Aka kira Isuhu a waya, ya ce sai ya gan ta da idonsa. Surukina kunya ta hana shi ko kallon jakar kwamfutar. Na ce ni zan raka ta, dama rabona da Rabi tun ina da haƙorana duka.

Asabar da sassafe muka shiga bas zuwa Malumfashi, daga nan muka hau motar Katsina. Yaron mota ya so ya cusa jakar a but, ƙarƙashin buhunan masara. Na karɓe na rungume a cinya. Wani Alhaji mai fataucin auduga da ke gaba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, zinariya ce?" Na ce mara lafiya ce. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, har muka wuce Kankiya yana satar kallon jakar, ko zai ga ta motsa. A Katsina muka ci waina a tasha, mai ta yi mata yawa, muka sake mota zuwa Jibiya.

A kan iyaka namu ba su ce komai ba, sun ga tsohuwa. Na can ne wani dogo mai kaki ya sa aka buɗe jakar. Hausa yake yi, amma irin tasu, komai "lahiya lau". Ya ce, "Wagga ta saidawa ce ko ta aiki?" Saude ta ce ta aiki. Ya ce, "Kunna mu gani."

Ta kunna. Na'ura ta buɗe ido, ta nuna fuska, kafin ya sunkuya ta kashe kanta. Aka sake, haka. Ya ce, "Hajiya, na'urarku ba ta son ganin hukuma." Na ce ai ko mu da muka kawo ta haka take mana. Ya kai mu ɗakinsu a jona, sai ga ramin wutarsu biyu ne zagayayyu, bakin wayarmu kuwa tun a gida an canja shi zuwa uku masu faɗi. Can aka tuna da wani mutumin Jibiya da ke cajin waya da janareto a wata rumfa, shi yana da irin raminmu. Muka ɗunguma har da mai kakin. Aka jona, ta tashi, Saude ta danna inda aji ya tsaya. Ashe an bar murya a ƙure. Sai na'ura ta kwarma, "Ɓa! Ɓarawo!"

Masu shayi suka miƙe. Wani mai canji ya dafe aljihu. Mai kakin ya yi dariya har ya riƙe ginshiƙin rumfa, ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce mu wuce, Allah ya ba da sa'a.

Mun shiga Maraɗi rana ta yi sanyi. Babur ɗin haya su kabu-kabu suke ce masa, shi ya kai mu ƙofar gida. Rabi ta fito tana laluben bango, ido ya yi rauni. Muryata ta ji ta ce, "Yaya Delu?" Muka zauna a tabarma muka lissafa matattu, nata da nawa, kafin a kawo ruwa.

Abincinsu gero ne, safe da yamma. Furarsu kuwa, gaskiya ta fi tamu, ba na jin kunyar faɗa. Amma tuwon bai kama ƙafar na masararmu ba, na kuma gaya wa Rabi. Suna kwaɗa zogale da ƙuli su ce masa kopto, su ci da rana kamar wani babban abinci. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawon ya fi ƙarfin dasashina, sai na jiƙa a shayi. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai a rufe shaguna kowa ya tafi ya kwanta, har ma'aikata. A Funtuwa ka rufe shago da azahar, maƙwabcinka ya gode maka. Wuta kuwa, da suke kira kuran, fanka na ta juyi har na fara jin sanyi. Na ce wa Isuhu ƙasarsu ta ji daɗi. Ya ce, "Inna, ai daga wajenku take zuwa." Na ce to a gaishe ta, mu a can sai dai mu ji labarinta.

Washegari ya kai mu shagonsa. Na zauna a benci na ce komai zai yi ya riƙa faɗa min, ban yi wannan tafiya don in kalli ƙeyarsa ba.

Da farko ya zare waya, ya zare batir, ya danne maɓallin kunnawa ya daɗe. Ya ce wani lokaci na'ura tana riƙe tsohon zance ne, wannan yakan sa ta saki. Ya mayar da batir, ya kunna, ta kashe kanta kamar kullum. Sai ya jona waya ya sake kunnawa, ya yi maza ya danna wani wuri, fuskar ta koma shuɗiya da rubutu tsirara. Ya ce nan zauren na'ura ne, kafin a shiga cikin gida inda manhaja take, wato abin da ke tafiyar da ita. Ya zare waya ya ajiye. Muka zuba ido. Aka kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna muka sha, na'ura tana nan a kunne.

Ya ce, "Kun gani? Batirin lafiyarsa ƙalau, cike yake. Mai shagon Funtuwa bai cuce ku ba. Manhajar ce in ta tambaye shi abin da ya rage, ba ta gane amsarsa, sai ta ɗauka ya ƙare, ta yi maza ta rufe don kada aiki ya lalace."

Saude ta ce, "To, Yaya, ka hana ta rufewa mana."

"Zan iya. Amma ranar da ya ƙare da gaske ba za ta gaya miki ba. Tsakiyar karatu za ta ɗauke, wata rana ta tafi da baƙaƙen."

Na ce to a kai ƙara wajen kamfanin da ya yi manhajar. Ya ce ba kamfani. Ya ce, "Inna, aikin gayya ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya zo da fartanyarsa ya yi kunyarsa ya wuce. A buɗe take, kowa na iya duba cikinta, wanda ya ga gyara ya gyara. Shi ya sa na iya sa mata Hausa."

Na ce, "Wa ke dama musu fura?"

Ya ce ba kowa.

Na ce, "Wa ke musu kiɗa?"

Ya yi dariya ya ce ba kowa. Ban yarda ba.

Ya kwashe duk abin da batirin ke faɗa, ya rubuta da Turanci a wani dandali na masu gayyar, ya ce sai mu jira. Jiran nan shi ya fi komai wuya. Wani ya amsa ya ce a sayi batir na asali, kamar a bakin ƙofa ake tsintarsa. Wani ya yi tambayoyi, aka ba shi amsa, ya ɓace. Saude ta daina cin abinci sosai. Litinin ta wuce. Talata da safe ta ce a yi mata rabin gyaran kawai, na hana ta rufewa, mu tafi. Isuhu ya ce ta ba shi zuwa la'asar.

Kafin la'asar ɗin wata mata ta amsa, daga wata ƙasa mai sanyi da ban riƙe sunanta ba. Ta ce ta taɓa gamuwa da irin wannan. Yadda Isuhu ya fassara min, batirin da mudu yake awo, manhajar kuma tiya ta sani, shi ya sa lissafi ya ƙi haɗuwa. Ta ce an riga an gyara wannan a sabuwar zuciyar manhajar, ta nuna masa inda zai ɗauko da yadda zai dasa ba tare da ya taɓa sauran kayan ba. Ɗaukowar ta ci lokaci, intanet ɗin kamar ɗigon rufi. Da ya gama ya kunna, ya ce, "Saude, zare da hannunki."

Ta zare. Ɗan hoton batir ya tsaya kore, cike. Muka jira ta kashe kanta, ba ta kashe ba. Saude ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ya kuma gargaɗe ta ta daina rufe murfi kawai ta cusa a jaka, ta riƙa kashewa gaba ɗaya, don wani lokaci ba barci take ba, tana nan tana cin batir tana zafi. Batun shanya batir a rana kuwa ya ce a gaya wa maigidanta da lallashi.

Laraba da asuba muka yi shiri, motar farko za mu bi mu kwana a gida. Muna ƙofa na ce wa Isuhu, "Matar nan da ta nuna maka gyaran fa, me aka ba ta?"

Ya ce ba a ba su komai. Ladan kawai shi ne ka koma dandalin ka ce abin ya yi, ka rubuta yadda aka bi dalla-dalla, don wanda zai zo bayanka da irin ciwon.

"Ka rubuta?"

"Zan rubuta, Inna. In an buɗe shago, in na samu sarari."

Ni na san wannan maganar. Na yi shekaru ina dama furar gayya a gonar Malam, na san masu cewa sai an samu sarari. A garinmu wanda aka yi wa gayya ya sallami mutane da baki busasshe, baɗi shi kaɗai zai yi nomansa, kuma har jikokinsa sai an gaya musu. Na ajiye ƙullin kayana na zauna a dakali.

Saude ta ce, "Inna, mota za ta tashi."

Na ce ta tashi.

"Inna, gobe Alhamis! Matar nan ba ta san ki ba, ba ta san Kafur ba, ba za ta taɓa sanin mun tafi ba."

Na ce, "Ni na sani."

Rabi daga ciki ta ce, "Isuhu, wuce ka buɗe shagon nan. Wadda ta yi maka wankan farko ba za ta kwana a dakali ba."

Ya buɗe, amma intanet bai zo ba sai da hantsi ya ɗaga. Ya rubuta yadda aka bi tun daga zaure har zuwa dashen zuciya. Na ce ya ƙara da cewa wata tsohuwa daga Kafur ta gode, Allah ya ba ta masu yi mata, kuma in ta taɓa biyowa ta ƙasarmu akwai masara. Ya ce wannan ba a saba sa shi a wurin ba. Na ce yau a saba. Ya karanta min da Hausa na ji ya shiga, sannan na miƙe. Kafin nan an cika batir dam da wutar Maraɗi, Saude ta kashe ta gaba ɗaya ta sa a jaka.

Motar da muka samu sai da ta jira cika. Muka iso Katsina motocin Malumfashi sun ƙare. Muka kwana gidan 'yar ƙanwata, unguwarsu ba wuta tun shekaranjiya, ba halin ƙara caji. Saude ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo min ruwan alwala, ta yi duk abin da 'ya ke yi, amma ba ta ce min uffan ba. Ni ma ban roƙe ta ba.

Alhamis muka bi motar safe. Ta tsaya sauke kaya a kowane gari, a Dayi kuma direba ya tafi gaisuwar mutuwa ya bar mu a rana. Ana kiran azahar muka sauka Malumfashi. Ba mu bi gida ba, babura biyu muka ɗauka kai tsaye zuwa ƙauyen, ni da ban fi son babur ba.

Mun tarar da Hajiyar zaune a kujera a zauren mai gari, tana duba agogo. Mata kaɗan ne a tabarma. Saude ko ruwa ba ta sha ba, ta buɗe jaka ta kunna. Ba waya, ba bango. Na'ura ta tashi ta tsaya. Da ta faɗi baƙin farko da ƙarfi, yara suka ruga cikin gidaje, kafin a jima sai ga mata suna shigowa suna gyara goyo, wata da garin surfe a hannu. Zaure ya cika har waje.

Ni idona na kan ɗan hoton nan. Ya sauko rabi, ya ci gaba da sauka. Dab da la'asar ya koma ja, ta yi ɗan ƙara. Saude ta ce, "Ta ce ta kusa gajiya. Mu karanta layin ƙarshe tare." Suka karanta, ta yi musu addu'a, ta kashe da hannunta.

Hajiyar ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Malama, a ci gaba. Amma a samo tabarmi, mutanen nan sun yi wa zauren yawa."

A hanyar gida Saude ta ce, "Inna, da mun makara fa?" Na ce da mun makara. Ta girgiza kai ta karɓi ƙullin kayana ta riƙe min.

Ajin ya yi shekaru bayan nan, har na'urar ta tsufa aka samu wata. Rabi ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban sake ganinta ba bayan wannan zuwan. Hajiyar Malumfashi ma ta riga mu. Emeka yana nan Funtuwa, shagonsa ya zama biyu. Isuhu yana Maraɗi, furfura ta fito masa, duk salla yana kira. Surukina yana nan, Saude tana nan, jikoki sun yi mata yawa. Matar ƙasar sanyi ban san ko tana raye ba, amma Isuhu ya ce bayanmu mutane da dama sun bi rubutun nan sun gyara nasu. Cikin matan zauren kuwa da yawa suna nan. Ɗaya daga cikinsu, Laraba, Bamaguza ce daga bayan Tsiga, ranar nan da goyo ta shigo a guje. Ita ce zaune a gabana yanzu da biro, tana cewa in rage sauri.